Ayuto

Saura kwana uku Tasi'u ya tafi,
suka zauna kan buhun taki, shi da ƙanwarsa Sakina,
fitilar waya a tsakani, sauro na ta kewaya.
Ni ina gefe ina ɗinke bakin kwando,
kai a sunkuye, kunne a tsaye.

Ta ce, "In ka ɓata?"
Ya ce, "Mi sono perso."
"In ciwo ya kayar da kai?"
"Isto male. Un dottore."
"In ɗan sanda ya tare ka yana ta zuba?"
Ya sosa ƙeya. "Non kapisko. Ban gane ba."
Ta ce, "Wannan kam tun aji uku ka ƙware."
Suka yi dariya har uwarsu ta leƙo daga ɗaki,
ta koma ba ta ce komai ba.

Ruwa wai akwa suke ce masa.
Na ce a raina, to, Allah ya sa akwai.

Tumatir zai je tsinka a Italiya,
yaron da aka yaye a kunyar tumatir,
wanda ya ga mun kai kwando talatin Kwanar Gafan
mun dawo da abin da bai biya kuɗin mota ba.
Da wane baki zan ce kada ya je?

Na karɓi takardar, na juya ta, ban iya boko ba.
Sakina ta karanta mini jerin:
gobara, ɓarawo, karaya, jini, asibiti.
Na ce, ba su rubuta yadda ake cewa na ƙoshi ba?
Ba yadda ake cewa na sauka lafiya?
Ta ce, "Baba, wannan shafin na tashin hankali ne."
Na ce, ai na gani.

Ɗaya ce ta maƙale mini kamar ƙarangiya a wando:
Ayuto.
A taimaka. A kawo ɗauki. Jama'a.
Shi kuwa a hankali yake faɗinta,
kamar mai neman aron gishiri a gidan surukai.

Wata biyar ke nan.
Ranar Talata ina kora amalanke a gaɓar babban kanal,
ƙasa ta zame, taya ta bi ta,
sa ɗaya ya durƙusa, karkiya ta murɗe wuyansa,
ruwa na ja, ni ina ja,
igiya na cin tafin hannuna.
Shekara sittin da huɗu ina da wayyo a bakina,
ina da jama'a, ina da ku zo,
amma da na buɗe baki
sai maganar yaron nan ta fito.

Ayuto! Ayuto!

Mata masu tsinkar tattasai suka watsar da kwanuka.
Ɗan'azumi ya bar injin ban ruwa yana tari.
Wasu samari biyu da ban san 'ya'yan wa ba ne
suka faɗa ruwa da rigunansu.
Ba wanda ya tsaya tambayar fassara.

Sai da san ya miƙe yana huci, laka har doro,
Ɗan'azumi ya dube ni, yana matse hula:
"Wai wane ne Ayuto?
Sabon ɗan ƙodago ka ɗauka ba mu sani ba?"

Da dare na ce Sakina ta danna mini wurin magana.
Ban faɗa masa zancen sa ba, kada ya ɗaga hankali.
Na ce, Tasi'u, muna lafiya, albasa ta yi kyau bana.
Kalmar nan taka ta farko, na gwada ta, tana aiki.
Sai dai ba a faɗinta da kunya.
In ranar ta zo, Allah kada ya kawo ta,
ka buɗe maƙogwaro duka,
yadda kake korar tsuntsu a gonar shinkafa.