Ɗan Mahauci

Ni mahauci ne, ɗan mahauci.
Kafin ladanin Bagalam ya rufe baki
na riga na wanke jini har gwiwar hannu.

Malam Illiya ya tare ni bakin tebur,
rabin kilo yake so, nasiha kuwa kyauta:
"Hambalinka kullum yana shagon Ɗan Jummai
yana harbin mutane cikin talabijin.
Wanda ya saba kisa a gilashi,
wata rana a fili zai nema."
Na ce to. Na yi mashi gyara da tumbi. Ya tafi.

Da dare barci ya ƙi.
Na tuna damben Tibiri, bayan girbin gero,
hannuna naɗe da zare, kalangu na kiran sunan ubana,
na sauke wa Na-Allah guda a muƙamuƙi.
Haƙori biyu ya tofar cikin yashi.
Ba wanda ya ce na lalace.
Guɗa aka yi, wani alhaji ya manna mani jaka biyu a goshi.
Har yau da gefe guda Na-Allah ke tauna nama,
kuma wurina yake saye.

Shi ko Hambali,
layyar bara na ce ya riƙe mani ƙafar rago,
ya riƙe, ya kau da kai,
jini bai gama zuba ba ya yi amai bayan randa.
Wannan ne makashin?

Ba kisan ke ci mani tuwo a ƙwarya ba.
Shirun ne.
Akushi guda muke sa hannu, shi yana wata ƙasa.
Tsahara ta kira shi sau uku, na huɗu da ludayi.
Kunnuwa a toshe,
yana dariya da wani yaron Tasawa da bai taɓa ganin ƙeyarshi ba,
kakarshi na ɗaki tana tari, rabonshi da ita tun Talata.
Ya ce, "Baba, abokaina ne."
Na ce, da ka yi zazzaɓi, wanne ya kawo maka kunu?
Ya ce, "Da ka yi naka, wanne ya kawo?"
Na sha ruwa.

Ran Laraba na rufe tebur da wuri, na bi sawunshi.
Shago kamar akurki, fanka guda, yara sha wani abu.
Na zaci kushewa zan tarar, sai ga kasuwa:
ihu, musu, wani na bin wani dala ashirin,
wani ƙanƙani marar ko tamma an bar mashi zagaye guda.
Hambali ya gan ni, ya sandare.
Na ce, miƙo abin.

Manet ɗin ya ɓace cikin tafina.
Yatsun da ke raba haƙarƙari ido rufe
suka kasa gane hagu da dama.
Mutumina ya yi ta tunkuyar bango kamar bunsuru.
Kafin in gyara zama an kashe ni.
Sau bakwai.
Hambali ya yi dariya har ya dafa kafaɗata,
ni kuwa na kasa tuna rabon hannunshi da jikina.

Sai Nijelek ta ɗauke wuta.

Muka taho cikin duhu, ƴan kabu-kabu na haska mana ƙafafu,
yana lissafa mani kurakuraina ɗaya bayan ɗaya,
tun daga shago har bakin zaure.
Rabon da in ji maganarshi mai tsawon haka
tun yana firamare.

Ban ce Malam Illiya ya yi ƙarya ba.
Wuƙa ma nama take yanka, takan kuma yanki mai ita,
ban taɓa jin an kai ƙarar maƙeri ba.

A zaure na ce, leƙa kakarka.
Ya leƙa. Minti biyu, na ƙirga.
Gobe zan nemi uku,
in ya yarda ya koya mani yadda ake kauce wa bangon nan.