Jita Uku a Shagon Amílcar

Ni ce mai samfefa a shagon nan.
Shekara biyu ke nan garin katako nake shaƙa
a wani lungu na Braga, bayan gidan burodi,
inda ruwan sama ba ya sallama.

Maigidana Amílcar, zarto ya cinye masa kunne ɗaya,
ɗayan ma sai an ɗaga murya.
In zai ji amon jita, haƙori yake kafa mata a ka,
ya tsinki tsirkiya, ya lumshe ido
kamar mai ɗanɗana miya.

Ran Laraba Duarte ya shigo, lema na ɗiga.
Bes yake kaɗawa a jirgin 'yan shaƙatawa kan kogin Douro,
shekara uku yana tara kuɗin yau a gwangwanin biskit.
Muka jera masa uku.

Ta farko maɗaci ce,
mai da kakin zuma kaɗai aka shafa mata,
in ka taɓa ta, iccen ne ke taɓa ka.
Ya kaɗa. Murya ta fito da kauri, da ɗumi,
irin ta kawun da ya ƙoshi ya fara labari.
Ya ce, "Wannan tana numfashi."

Ta biyu fuskar zaitun gare ta,
zanen jikinta na murɗewa kamar hayaƙi a ɗaki rufe,
banish shafi tara, har ka ƙirga gashin girarka a ciki.
Kanya a wuya, baƙa wuluk.
Amonta tas, kowane sauti da kaifinsa,
kamar an zube silalla kan dutse.
Ya ce, "Kyakkyawa ce, sai dai tsiwa."

Ta uku ko kallon arziki bai yi mata ba.
Baƙin fenti daga sama har ƙasa.
"Fenti likkafani ne," in ji shi,
"ba a rufe icce sai yana da abin kunya."

Na sunkuya ina share inda na riga na share,
don gaskiya ya faɗa.
Ni na ƙera ta, da dare, bayan an tashi,
da ƙyauren wata makaranta da aka rushe.
Akwai ido guda a kafaɗarta.
Gam da gari na cusa masa,
na binne shi ƙarƙashin baƙi.

Awa biyu suna musu.
Duarte ya ce katako ne ke magana.
Maigida ya ce yatsa ne da maganaɗisu, saura kwalliya,
ya faɗa yana shafa zaitun ɗin nan
da ya ɓoye shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado yana bushewa.

Sai tsawa.
Sai wuta ta ɗauke.
Lasifika ta yi tari ɗaya, ta mutu.

A duhu Duarte ya lalubo mai santsi,
ya rungume ta, ya ja tsirkiya mafi kauri.
Babu mai ɗaga mata murya yanzu.
Wani gunji ne can ƙasa-ƙasa,
kamar mota mai nauyi na wucewa a wata unguwa.
Ya sake ja. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Zaitun ɗin nan!" in ji shi.
"Ashe lasifika ce ta yi mata sharri.
Ba kunne take nema ba, haƙarƙari take shiga."

Na ji maigida ya karɓa,
na ji ƙaras, haƙori kan katako.
Shi ya sani. Ya mayar, ya yi gum.

Da wuta ta dawo
likkafanin ne kwance a cinyar Duarte.
Ya dube ta, ya dubi zaitun a jingine tana ƙyalli ita kaɗai,
ya sosa ƙeya.

"Nawa?"

Maigida ya nuno ni da haɓa.
"Tambayi mai ita."

Ni kuwa ban taɓa sa wa komai kuɗi ba.
Maimakon lissafi, sai na kama yatsansa
na kai shi kafaɗar, na ce, nan ne abin kunyar.
Ya danna. Ya kaɗa, yatsan na wurin.

Ya ce, "Bar shi."
Ya buɗe gwangwanin biskit.