Minti Bakwai a Rotterdam

Da yamma nake ajiye taragon lantarki,
hannuwana na warin ƙarfe da ruwan sama.
Shida da rabi Sjoerd zai hau kekensa
zuwa tashar jiragen ruwa, ya kwana yana ɗaga kwantena.
Tsakanin shigowata da fitarsa
akwai tebur, akwai dankali da kabeji,
akwai minti bakwai da muka hana kowa.

Cocin da aka yi mini baftisma
yanzu gidan motsa jiki ne.
Sau tara nake wuce shi a rana.
Inda mumbari yake a da, wani saurayi na gudu a kan inji,
sharkaf da gumi, bai je ko'ina ba.
Ba na ganin laifinsa. Ni ma haka nake, a kan dogo.

Lieke ta kife wayarta a gefen faranti,
amma tana haske ta ƙarƙashi
kamar garwashin da aka rufe da toka.
Shekarunta goma sha huɗu. Jiya ta ce,
"Mama, a ajinmu ni kaɗai ce.
Wai da rufin ɗaki muke magana."
Na buɗe baki, amsa ta ƙi zuwa,
sai na ƙara mata miya.

Yau Teun ne da addu'a.
Ya gode wa Ubangiji saboda dankali, ban da kabeji.
Ya roƙa kada iska ta kaɗo Baba daga sama.
Ya sako kifinsa da ya mutu,
da tsoho Evert na bene, wanda ba ya amsa gaisuwa.
Sai ya manta ƙarshen.
Muka jira, ido rufe,
firji na gurnani, motar asibiti ta wuce da jiniya.

Can ƙasa-ƙasa, kamar mai biyan bashi,
wata murya ta ce, "Amin."
Lieke.

Ban ɗaga kai ba.
Ba a tone shuka don a ga ko ta yi saiwa.

Sjoerd ya zura rigar ruwa,
ya ɗora tafinsa a kan kowa, har ni.
Ƙofa ta rufe. Waya ta juyo fuska sama.

Gobe Lahadi, kantuna a buɗe, kuma aikin safe gare ni.
Jar wuta za ta tsayar da ni gaban tsohon cocin.
Daƙiƙa arba'in take yi.
Ta ishe ni baiti ɗaya na yabo,
in ba wanda ya danna ƙararrawa.