Gwangwanin Biskit

A Barnsley, gida mai lamba sha tara,
akwai gwangwanin biskit a kan firjina.
Biskit ya ƙare tun matata na da rai.
Wasiƙu ne a ciki yanzu, har murfin ya ƙi rufuwa.

Shekara talatin ina tuƙa bas.
Na san jiran danja, na san jiran tsohuwa ta hau da sandarta,
amma wannan jiran ban taɓa ɗaukar fasinja irinsa ba.

Daren da aka kawo mini Tegan
da kayanta a jakar leda, safa wari da wari,
jami'ar ƙaramar hukuma ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga lemarta:
“Mista Hepworth, uwarta na asibiti, kai ne kakanta.
Za mu kawo gado, za mu biya kuɗin riƙo. Kwana goma.”
Na ce to. Da me zan ce?

Jami'a ta farko ta tafi hutun haihuwa.
Ta biyu ta koma Leeds.
Ta uku murya ce kawai, ba ta da fuska.
Ta huɗu ta zo da fara'a, da fayil ɗin wata yarinya.
Dukkansu Megan suke rubutawa.
Harafi ɗaya ne, in ji su, me ya yi zafi?
Wata safiya, tana jiƙa burodi a shayi,
ta tambaye ni ko Megan ɗin ce aka kai wa gadon.

Na kai kuka mataki na farko, suka ce sun ji.
A na biyu wani ya shanye mini shayi, ya cika shafi arba'in.
A na uku, mutum uku bayan tebur, kowa da gorar ruwa,
suka miƙo mini haƙuri mai laushin auduga.
Na taho da shi gida. Bai ɗauki nauyin yarinya ba.

Oonagh, maƙwabciyata mai aikin dare a gidan tsofaffi,
ta leƙo ta kan katanga tana shanya:
“Ka gama hawa benensu, Alwyn. Akwai wata ƙofa a waje,
mai duba ƙorafin jama'a, ba a ƙarƙashinsu yake ba.
Ka kai masa komai, har ambulan.”

Muka zazzage gwangwanin a kan darduma.
Ni ina karanta kwanan wata, Tegan na sa lamba da biro ja.
A nan ta koyi ƙirga har arba'in da uku.
A laburare na buga ƙarar da yatsa biyu,
sau biyu kwamfuta na cinye ta.

Wata tara.
Gadon ma na riga na saya na hannu,
ƙafarta har ta fara taɓo ƙarshensa.

Sai ga farar ambulan ranar Talata.
An sami sakaci, an cutar da yarinya,
a biya bashin riƙo, a rubuto ban-haƙuri cikin wata guda.
Ban yi tsalle ba, gwiwa ba ta bari.
Ita ce ta karɓe takardar, ta bi layi da yatsa,
ta tsaya, ta sake komawa.
“Kaka, wannan ni ce.”

Ban-haƙurin bai iso ba tukuna, saura kwana sha ɗaya.
Na danne wasiƙun da tafin hannu,
na rage masa wuri a sama.