Saniyar da Ba Ta Cin Harawa

Ran Alhamis, kara ta watse a Maigatari,
ina gindin maina ina ƙirga la'ada,
Nafi'u ɗan ƙanwata ya miƙo waya:
"Kawu, taya wannan."

Saniya ce, fari da baƙi,
ba tozo, ƙaho bai wuce ɗan yatsa ba,
hantsa kuwa har tana neman ƙasa.
Wata mata a durƙushe tana tatsa,
takalminta na katako, kanta ɗaure da farin ƙyalle.
Can baya wata hasumiya mai fiffike huɗu,
sama ta haɗa hadari irin na tsakiyar damina.

Na ce shekara talatin da ɗaya ina dillanci,
ban taɓa taya dabba ban buɗe bakinta ba.

Ya ce zane ne, daga ƙasar Holan,
ya haura shekara ɗari uku,
jiya aka yi gwanjonsa.
Gwanjo?
Ni gwanjon da na sani
rigar sanyi ce da Bature ya gaji da ita.
Ya ce can masu kuɗi ke zama a jere,
wannan ya ɗaga hannu, wancan ya ɗaga gira,
wani ma ta waya yake tayi, ba a ganin fuskarsa,
har mai guduma ya buga tebur.

Ya faɗi kuɗin. Na ce mayar mini naira.
Ya mayar.
Na dubi kara tun daga turken raƙuma
har inda tirela ke lodi zuwa Kudu,
na haɗa bijimai, na haɗa ragunan Nijar,
na sa har jakuna da masu sayar da igiya,
ban kai gindin wutsiyarta ba.

Saniyar da ba ta cin harawa,
ba dusa, ba kanwa, ba kaska,
ɓarawo bai kwance ta da dare,
ba ta haihuwa kuma.

Na yi dariya, sannan na ce buɗa mini hoton.
Ya ja da yatsu biyu.
Nan dariyar ta tsaya.
Wanda ya zana wannan ya kwana kusa da shanu.
Ga inda igiya ta cinye gashin wuya.
Ga ƙafar baya ta hagu, ta ɗan sassauta,
yadda suke yi in nono ya fara sauka.
Matar ta jingina goshi da kwiɓin saniyar,
idonta a lumshe, barci bai ishe ta ba.
Haka Inna Tabawa ke yi a Galadi
kafin ladan ya yi kiran farko.
Har facin gwiwar hannun rigarta ya sa,
da zare mai wani launi daban.

Na ce Nafi'u, ya sunanta?
Ya duba. Akwai sunan mai zanen,
da na attajirin da ya fara rataye shi a zaure,
da na jikansa da ya ci bashi ya sayar.
Nata babu.
To an ba ta wani abu ranar,
ko dai ce mata aka yi ta daina motsi?
Ya ce Kawu, wannan ba ya cikin waya.

Na hau babur ana gab da magariba.
A gida na tarar Hansai bayan danga
da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta,
karsanar da muka yi shekara huɗu muna jira ta haihu
tana tuƙa, ido a rufe.
Rana ta ratso ta tsakanin karan dangar
ta kwanta mata a kafaɗa, ja kamar manja.

Na tsaya ban kashe babur ba.
Bakina, don sabo, ya ce albarka.

Ta ce, "Da wa kake ciniki?
Zo ka riƙe mini ɗan maraƙin nan,
zai zubar."