Rigar Aro a Tafkin Bemidji

Asabar da sassafe, Bemidji na ta hamma,
na jawo ɗan jirginmu a bayan mota,
Nusaiba riƙe da ƙugiya da gwangwanin tana
tana ƙirga agwagin da ke kan ruwa.

A bakin kwata wata dattijuwa ta tsayar da mu,
hular aiki a ka, Ingrid a rubuce a ƙirji.
Ba ta nemi na goro ba.
Ta sa gwiwa a tsakuwa,
ta shafa cikin jirgin kamar ungozoma,
ta zaro wata ciyawa daga farfela,
siririya, ba ta kai tsinken tsintsiya ba.

"Wannan in ta shiga nan," in ji ta,
"sai ta shaƙe gidan kifi."
Na ce a raina, ashe ba kowace kainuwa
ce dashen Allah ba;
wata dashen sakaci ce,
a wutsiyar jirgi take zuwa.

Ta wanke shi da ruwan zafi. Na taɓa aljihu.
"Bar shi. Kuɗin lasisinka ne ya dawo maka."
Na yi dariya. Ban taɓa ganin haraji
ya gane hanyar gida ba.

Can gefe riguna ruwan goro sun jeru a rataye,
manya da ƙanana, na aro, ba mai gadi.
Nusaiba ta turo baki: "Baba, ai na iya iyo."

Iya ruwa fid da kai, 'yata, haka muka ji.
Haka Tanimu ma ya ji.
Wana ne, ba ki san shi ba.
A Yawuri, a jefa kwabo cikin Kwara
ya nutse ya fito da shi a haƙori.
Ranar kasuwa jirgin mutum arba'in
ya ɗauki casa'in, da buhuna, da babura.
Ba wanda ya ƙirga.
Ba wanda ya durƙusa ya duba.
Kwana biyu muna bin gaɓa da fitila.
Hularsa ce ta fara dawowa.

Ban gaya mata wannan ba.
Na dai ja igiyar rigar har ta ce, "Wash!"
Na ce, "Numfasa mu gani."
Ta numfasa.

Muka wuce tulunan da ke cewa a rage gudu.
Ruwan garau, ana hango yashi.
Ta kama kifi guda, ɗan tsito,
ta yi masa faɗa, ta sake shi.

Da yamma na mayar da rigar maratayinta,
tana ɗiga, da sauran ɗumin jikin yarinya.
Gobe ɗan wani zai sa ta.
Na daɗe hannuna bai bar kafaɗarta ba,
har Nusaiba ta danna hon daga mota.