Rigar Ɓarawo

Ƙarfe biyar saura, Agege ba ta runtsa ba,
na bi gefen layin dogo zuwa tasha.
Kwandasta na lilo a ƙofar bas yana kiran Oshodi,
ni da mai tumatir da wani tela muka raba benci ɗaya.
Ba mu yi nisa ba mai tallar magani ya miƙe,
kafso ja-da-yalo a tafinsa kamar gyaɗa:
yana maganin basir, yana maganin mura, yana maganin ciwon mara,
in kuɗinka bai kai biyu ba, ɗauki ɗaya.
Na sunkuyar da kai.
Ni ma na taɓa saya.

Baba mahauci ne a Oko-Oba.
Wuƙa ta ɗan lashi babban yatsansa wata Laraba,
yankan bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ya yi tsaki, ya shafa gishiri, ya ci gaba da fiɗa.
Kwana goma sha tara muka yi a asibiti,
likita na sauya allura kamar mai gwada mukullai
a ƙofar da aka canza wa kwaɗo da dare.
Takardar gwaji ta dawo da layi bakwai,
kowane layi amsarsa ɗaya:
ba ta ji, ba ta ji, ba ta ji.
Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai,
abin da ido bai gani ya kai shi ƙasa.

Yau a Yaba, ni ke kiwon su.
In zuba musu abinci a faranti,
in sa su a ɗaki mai ɗumi kamar 'yan tsaki,
da safe in tarar sun tofo, ɗigo-ɗigo,
masu yauƙi kamar miyar kuɓewa.
Dakta Morenike ta ce: dube su da kyau, Sahura,
kowace sanye take da rigar sukari,
da ita take wuce masu gadin jini ba mai tambayarta.
Namu mu tuɓe rigar, mu wanke,
mu kai wa jiki ya shinshina,
yadda ake ba kare tsumman ɓarawo
tun ɓarawon bai haura katanga ba.

A baki kamar shan ruwa.
Amma ɓarawon nan akwatinsa cike yake da riguna,
ka san shi da fara, ya zo maka da shuɗiya.
Gwaji na arba'in da ɗaya a firji ya mutu
daren da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi.
Ekene mai gadi ya ja igiya har tafinsa ya saɓule.
Aikin wata takwas ya narke a ƙasa,
ni na goge shi da tsumma.

Inna takan tambaye ni tana tsince wake:
wai allurar nan taku, sai yaushe?
In ce da saura.
Ta ce da ta zo da wuri...
sai ta yi shiru, ta hure ƙaiƙayi.
Wuƙar Baba na nan ƙarƙashin gadonta, naɗe a jarida.

Yau da hantsi na buɗe keji.
Ɓeraye goma sha biyu muka yi wa allura
kafin mu sakar musu cutar.
Na ƙirga da yatsa cikin safar roba.
Na sake ƙirgawa.
Tara na tsaye, ɗaya ma yana wanke fuska.
Dakta ta ce kada ki yi guɗa tukuna,
ɓera ba mutum ba ne, hanyar da tsawo.
Na sani.
Na rubuta tara a littafi, hannuna na rawa,
sai na sake bin ta da biro don ta fito sosai.

A waje ruwan Legas ya kece,
kwata ta cika ta haura titi.
Na cire takalmi na riƙe a hannu,
sai na tuna yatsan Baba,
na mayar da su ƙafata.